Addu'ar da Aka Yi a Kan Toka

Karatu: Ayuba 42:7-17, Irmiya 29:4-14, Matiyu 5:43-48



Da wuya a sami mai bi a ƙasar nan wanda bai san sunan Ayuba ba. Ko maƙwabtanmu Musulmi, idan za su yabi mai jimiri, sukan ce yana da haƙuri irin na Annabi Ayuba. Yaranmu na makarantar Lahadi sun san farkon labarin, sun kuma san ƙarshensa: attajiri ne a ƙasar Uz, ya rasa kome a rana ɗaya, daga baya Allah ya ninka masa. Amma akwai wani abu a aya ta 10 ta sura ta 42 wanda mukan tsallake da sauri, domin muna ɗokin mu kai ga lissafin raƙuma da tumaki. Ayar ta faɗa mana lokacin da al'amarin Ayuba ya juya. Ya juya ne a daidai lokacin da ya buɗe baki ya roƙi Allah saboda mutum uku waɗanda suka fi kowa ƙona masa rai.

Daga Dubeli a Jimeta nake wannan rubutu, kuma mutanen wannan gari ba sa bukatar a fassara musu kalmar wahala. A ranar 6 ga Janairu 2012 'yan bindiga suka shiga majami'ar Christ Apostolic a Jimeta suka buɗe wuta a kan masu sujada. Tsakanin Agusta da Oktoba 2014, Madagali, Gulak, Michika da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram ɗaya bayan ɗaya, har hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa (EYN) da ke Kwarhi ba ta tsira ba. Jama'a suka kwararo kudu, waɗansu a mota, da yawa a ƙafa, waɗansu ta kan duwatsun iyakar Kamaru, suka haye gadar Binuwai suka bazu cikin unguwanninmu, Dubeli, Jambutu, Luggere, Nasarawo da sauransu. Kaɗan ne suka shiga sansani irin na Malkohi ko Damare. Yawancinsu a gidajen dangi da harabar majami'u suka sauka, ɗaki ɗaya yana ɗaukar iyali biyu ko uku. A 2015 kuma bom ya biyo su har nan: babbar kasuwar Jimeta a watan Yuni, sansanin Malkohi a Satumba, masallacin Juma'a na Jambutu a Oktoba, sa'an nan wata kasuwa kuma a Nuwamba. Ban ma ambaci ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 ba. Shekaru sun shuɗe, an sāke gina shaguna, an sāke rufa gidaje, amma duk wanda yake ziyarar masu bi gida gida ya san akwai abin da ba a sāke ginawa ba tukuna a cikin zukata.

Masu ta'aziyya uku

Elifaz mutumin Teman, da Bildad mutumin Shuwa, da Zofar mutumin Na'ama ba maƙiyan Ayuba ba ne. Abokansa ne, kuma sun fara da kyau. Sun taso daga nesa, suka keta rigunansu, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne zaman makoki na ainihi. Da a ce sun tashi a rana ta takwas sun koma gida, da yau muna koya wa 'ya'yanmu sunayensu a matsayin gurbi na abokantaka.

Da suka buɗe baki ne aka shiga uku. Koyarwarsu gajeriya ce, kuma a kunne tana da kamar gaskiya: Allah mai adalci ne, ba ya hukunta marar laifi, saboda haka duk wanda yake shan wuya irin wannan lalle ya ɓoye wani zunubi. A sura ta 8 Bildad ya dubi mahaifin da bai daɗe da rasa 'ya'ya goma ba, ya nuna masa cewa yaran sun girbi abin da suka shuka ne. A sura ta 11 Zofar ya ce azabar ma ba ta kai yawan laifin ba. Da Ayuba ya ƙi amsa laifin da bai yi ba, sai Elifaz a sura ta 22 ya zauna ya ƙaga masa laifofi: wai ya karɓi jingina a hannun 'yan'uwansa ba dalili, wai ya hana mai ƙishi ruwa, wai ya kori gwauraye hannu wofi. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ku lura da wani abu game da yadda aka tsara littafin. Sabiyawa da Kaldiyawa waɗanda suka kwashe dabbobin Ayuba suka karkashe barorinsa, a cikin ayoyi kaɗan na sura ta 1 aka gama da su, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Gardamarsa da abokansa kuwa ta miƙe daga sura ta 4 har ta wuce ta 25. Na daɗe ina tunani a kan wannan, kuma ina ganin haka yake a rayuwarmu. Mutumin da ya zo da bindiga daga daji, ba mu san fuskarsa ba. Amma maƙwabcin da ya nuna gidanmu, da ɗan'uwan da ya yi ta ƙirga lomar da yaranmu suke ci sa'ad da muke zaune a gidansa, da baƙon da muka ciyar wata shida ya tafi ba ko sallama, da mai wa'azin da ya tsaya a bagade ya ce abin da ya sami mutanen arewacin jihar nan hukunci ne domin ba sa ba da zakka da aminci, waɗannan mun san fuskokinsu, muna kuma haɗuwa da su a kasuwa da wurin biki, wani lokaci ma a teburin Jibin Ubangiji.

Wata uwa a Zumuntar Mata, wadda ta rasa mijinta a 2014, ta same ni bayan sujada wata rana. Ta ce da hanya ta buɗe ta koma ƙauye ta duba gida, sai ta tarar an cire kwanon rufin ɗakinta. Ba sai ta yi tambaya ba, ga shi can a kan ɗakin maƙwabcin da suka yi shekaru suna cin tuwo a kwarya ɗaya, kuma shi ma mai zuwa majami'a ne. Ta ce, "Baba Fasto, waɗanda suka kashe maigidana na bar su da Allah. Amma wannan mutum, ko sunansa na ji sai abinci ya fita mini a rai." Na ce, "Mama, ba zan ce miki abin ba zafi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Muka buɗe Ayuba 42 tare.

Abin da Allah ya ɗora wa Ayuba

Bayan Ubangiji ya gama magana da Ayuba ta cikin guguwa, sai ya juya wurin Elifaz. Bai rufa musu asiri ba. Ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu su uku, domin abin da suka faɗa game da shi ba daidai ba ne. A cikin ayoyi biyu kaɗai, ta 7 da ta 8, sau huɗu Allah ya kira Ayuba bawansa, a gaban mutanen da suka yi ta kiransa mai laifi. Sa'an nan ya umarce su su ɗauki bijimai bakwai da raguna bakwai su tafi wurin Ayuba su miƙa hadaya ta ƙonawa, Ayuba kuwa zai yi musu addu'a, addu'ar tasa ce kuma Allah zai karɓa.

Allah yana da iko ya gafarta musu kai tsaye, ba tare da ya bi ta kan kowa ba. Amma ya ɗaure mutanen nan huɗu da igiya guda. Dole masu hikima uku su sunkuyar da kai su je wurin wanda suka raina. Dole kuma wanda aka raina ya ɗauki sunayensu a bakinsa ya kai gaban Allah. Akwai ma abin mamaki a nan: a ƙarshen sura ta 22, Elifaz da kansa ya yi wa Ayuba alkawari cewa in ya tuba, addu'arsa za ta zama abin ji, har ta kuɓutar da wanda ba shi da gaskiya. Bai san kansa yake yi wa annabci ba.

Yanzu ku tambayi kanku, a wane hali Ayuba yake sa'ad da ya yi wannan addu'a? Nassi bai ce gyambunansa sun warke ba tukuna. Garkensa wofi yake. Kaburbura goma suna nan. Kuma ku duba daga sura ta 38 zuwa ta 41, duk tsawon maganar da Allah ya yi masa, ba inda ya yi masa alkawarin ko ɗan akuya. Ayuba bai san aya ta 12 tana zuwa ba. Mu ne muka sani, domin muna riƙe da littafin. A kan tokar da ya zauna yana sosa jikinsa da katanga ya yi roƙo domin waɗansu, hannunsa wofi. A nan ne aka ba Shaiɗan amsar tambayar da ya yi tun sura ta 1, wato ko akwai mutumin da zai ji tsoron Allah ba don abin da yake samu ba.

Saboda haka ina so in ja kunnenmu. Akwai masu wa'azi a taron farkawa da gidajen rediyo waɗanda suka mai da wannan aya ciniki: ka yi wa maƙiyinka addu'a kwana bakwai, ka shuka iri na kuɗi, ninki biyu zai zo kafin ƙarshen wata. Wannan koyarwar Elifaz ce aka sāke wa riga. Shi ya ce wahala ladan zunubi ce, su kuma suna cewa wadata ladan addu'a ce. Duka biyu sun mai da Allah mai awo a kasuwa. Istifanas ya roƙi gafara domin masu jifansa, ya kuwa mutu a ƙarƙashin duwatsun (Ayyukan Manzanni 7). Ubangijinmu ya roƙi gafara domin masu gicciye shi, ba a kuwa sauke shi daga gicciyen da rai ba (Luka 23). A nan jiharmu, Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban CAN na Michika, an kama shi a farkon Janairu 2020. A hoton bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, ya yi magana cikin natsuwa, bai la'anci kowa ba, ya nuna cewa ransa yana hannun Allah ko an sake shi ko ba a sake shi ba. A ranar 20 ga watan aka kashe shi. Wa zai ce bangaskiyarsa ce ta kāsa? Komowar Yesu ta zo a rana ta uku. Amsar addu'ar Istifanas tana tsaye a wurin tana gadin tufafin masu jifa, saurayi mai suna Shawulu, amma Istifanas bai gani da idonsa ba.

To, me ya juya sa'ad da Ayuba ya yi addu'a? Kalmomin Ibrananci da aka mora a aya ta 10 su ne waɗanda annabawa sukan mora game da komo da mutane daga bauta. Za ku same su a Irmiya 29:14 da Zabura 126. Ayuba bai taɓa barin ƙasar Uz ba, duk da haka Nassi ya yi magana a kansa kamar wanda aka kai bauta aka dawo da shi. A ganina, mutumin da yake kwana yana tashi yana gardama a zuciyarsa da wanda ya cuce shi, yana shirya amsar da zai ba shi, yana maimaita maganar da aka faɗa masa shekara goma da suka wuce, ɗan bauta ne ko da yana kwance a ɗakinsa. Mu da muka san gudun hijira ya kamata mu sāke karanta wasiƙar Irmiya. Kowa yana ƙaunar aya ta 11, mai maganar shirin alheri da Allah yake da shi domin mutanensa, har mukan rubuta ta a jikin kalanda da bayan keke napep. Amma kafin a kai wurinta sai an bi ta aya ta 7, inda aka umarci kamammun su nemi zaman lafiyar Babila su kuma yi mata addu'a, birnin mutanen da suka kwashe su daga ƙasarsu. Sai kuma aya ta 10, wadda ta ce za a yi shekara 70.

Yadda komowar ta kasance

Lissafin dabbobin a fili yake. Tumaki 7,000 suka zama 14,000, raƙuma 3,000 suka zama 6,000, shanun noma da jakuna su ma aka ninka. Amma da aka zo kan 'ya'ya, bakwai maza da uku mata aka ba shi, daidai da na farko. Malaman ikilisiya tun dā sukan ce dalili shi ne goman farko ba su ɓata ba, suna wurin Allah, don haka 'ya'yan Ayuba 20 ne. Na yarda da wannan, ta'aziyya ce ta gaske. Sai dai ina ƙarawa da cewa ɗa ba ya maye gurbin ɗa. Aya ta 11 ta ce danginsa sun zo sun yi masa ta'aziyya, wannan kuwa bayan an riga an ce Allah ya komo da shi ne. Ashe mutum yana iya zama cikin albarka yana kuma bukatar ta'aziyya. Iyayen Chibok, waɗanda aka kwashe 'ya'yansu mata 276 a daren 14 ga Afrilu 2014, waɗansu sun rungumi nasu, waɗansu har yau suna jira, waɗansu sun mutu suna jira. Kada mu ce wa gwauruwa ta share hawaye domin ta sami sabon ɗaki. Kada kuma ita ta ɗauka cewa hawayenta shaida ce Allah bai ziyarce ta ba.

Sa'an nan ku dubi hanyar da dukiyar ta bi ta dawo. Raƙuma ba su faɗo daga sama ba. 'Yan'uwansa maza da mata da idon sani suka zo gidansa, suka ci abinci tare da shi, kowa ya kawo ɗan kuɗi da zoben zinariya. Da wannan jari aka fara, sauran kuwa aikin shekaru ne na kiwo da haihuwa. Su wane ne waɗannan baƙi? Ku koma sura ta 19 ku ji Ayuba yana kuka cewa danginsa sun guje shi, aminansa sun manta da shi, har baransa ba ya amsa kiransa. Su ne suka dawo yanzu da ƙura ta lafa. Da ni ne, ina jin da na tsaya a ƙofa na tambaye su inda suke tun dā. Ayuba ya shimfiɗa musu tabarma. Ina tsammani wanda ya riga ya iya yi wa Bildad addu'a, buɗe wa ƙanwarsa ƙofa ba zai gagare shi ba.

Mun ga irin wannan da idonmu. Babbar majami'ar Katolika ta St. Theresa a Jimeta ta buɗe harabarta ga dubban masu gudu a 2014, ba ta tambayi addinin kowa ba. Da yawa suka koma gida, amma akwai iyalan da ƙauyukansu ba su zaunu ba, suka yi shekaru a wurin. A Afrilu 2021 Bishop Stephen Dami Mamza, wanda shi kansa ɗan Bazza ne a ƙasar Michika, ya buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, da makaranta, da majami'a, da kuma masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Waɗansu Kirista sun yi gunaguni a kan masallacin. Ni dai na ga mutumin da ya karanta Matiyu 5, inda Yesu ya tuna mana cewa rana da ruwan sama na Ubanmu ba sa zaɓen gona. EYN kuma, wadda ta yi hijira da ofisoshinta zuwa Jos, ta koma Kwarhi, a can kuma ta yi bikin cika shekara 100 a watan Maris 2023, tun daga sujadar farko da aka yi a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da ya faru a dare ɗaya, kuma kowannensu ta hannun mutane ya bi. Zumunta a ƙafa take.

Wani abu kuma da ba na so iyayen gida su wuce shi. Littafin bai ba mu sunan ko ɗaya daga 'ya'yan Ayuba maza ba, amma ya ba mu na matan: Yemima, Keziya da Keren-haffuk. Ya kuma ce mahaifinsu ya ba su gādo tare da 'yan'uwansu maza. A shari'ar Musa, bisa ga Littafin Ƙidaya sura ta 27, 'ya mace takan ci gādo ne in babu ɗa namiji. Ayuba yana da maza bakwai, duk da haka ya raba da matan. Wanda ya taɓa zama a kan toka ya san yadda rashin mai tsaya maka yake. Abin kunya ne a ce a cikinmu akwai matan da Boko Haram ta kashe mazansu, sa'an nan dangin miji, masu baftisma, suka zo suka karɓe gona da takardar fili suka bar su da marayu.

Kada wani ya ce addu'a domin wanda ya cuce ka tana nufin laifinsa ba laifi ba ne. Allah da kansa ya kira kuskuren abokan da sunansa kafin ya aike su wurin Ayuba. Kana iya kai ƙarar wanda ya ci gonarka wurin dattawan ikilisiya ko mai unguwa ko kotu, kana kuma yi masa addu'a da dare. Ba kuma dole ne ka jira sai ya zo da bijimansa ba. Yesu bai sa wannan sharaɗi ba sa'ad da ya umarce mu mu yi addu'a domin masu tsananta mana.

Ga abin da nake roƙon kowane gida ya gwada a wannan wata uku, kafin fitowa ta gaba ta wannan mujalla. A lokacin addu'ar iyali, bayan an roƙa domin kuɗin makaranta da marasa lafiya, a bar ɗan lokaci na shiru, kowa ya kawo mutum ɗaya da ya ɓata masa rai a gaban Allah. Ba lalle a faɗi sunan da ƙarfi a gaban yara ba, kada addu'a ta zama tsegumi. A roƙa masa abin da za ka roƙa wa kanka: tuba, gafara, abinci, lafiyar 'ya'yansa. Amma ya kamata yara su san cewa Baba da Mama suna yin wannan, gama yawancin waɗanda aka goyo a baya aka haye gada da su a 2014 yanzu sun zama samari da 'yan mata, kuma abin da suka ji muna faɗa a kan mutane a tsakar gida shi za su ɗauka.

Uwar nan da na ambata ta dawo wurina bayan wajen wata guda. Ta ce mako biyu na farko ta durƙusa amma sunan ya ƙi fita, sai ta riƙa cewa, "Ubangiji, ka san shi." A mako na uku ta faɗi sunan. Na tambaye ta ko mutumin ya dawo da kwanon. Ta yi dariya ta ce, "Ina fa, Baba Fasto, yana nan a kan ɗakinsa." Sa'an nan ta ce ta ji labari matarsa ba ta da lafiya, an kawo ta asibiti a Yola, tana so ta san ko akwai wata a Zumuntar Mata da za ta raka ta dubiya ran Alhamis, gama ba ta jin za ta iya shiga ɗakin ita kaɗai.